Haramin da Na Ara wa Gopal

Ranar da na fara taka ofishin kafilina, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, a unguwar Bagdadiyya ta birnin Jidda, rigata a goge take, farmina na tuƙi kuma yana leƙowa daga aljihun gaba don kowa ya gani. Dillalin da ya yi mini biza tun a gida ya ce direban gida zan zama, in kai yara makaranta, in kai uwarsu kasuwa, sauran yinin in miƙe ƙafa a cikin sanyi. Mutumin da na tarar a bayan tebur ko kallon farmin bai yi ba. Ya karɓi fasfona ya jefa a durowa, ya zagayo ya matsa damtsena kamar mai taya rago, ya ce, "Kwayyis," wato ya yi. Ashe tukwanen gas yake rabawa gida-gida, kuma ƙarfi yake nema, ba iya tuƙi ba.

Direba kam yana da shi. Baba Idirisu ne, Bahaushen Sudan, tsoho mai faɗan tsiya da son shayi. Da na nuna masa farmin sai ya yi dariya har da tari.

"Adana shi, ɗana," in ji shi, "zai yi maka fifita. Daga ina?"

"Daga Tasawa, Baba, ƙasar Nijar."

"To, yalla, ɗan Tasawa, hau baya."

Shi ya kai ni Waziriyya, gidan Khala Zainabu, inda yake haya. A Jidda aka haife ta, kakanninta ne suka zo Hajji a ƙafa ba su koma ba. Hausarta rabi Larabci ce, amma tuwonta bai bar gida ba. Ta ba ni katifa a ɗakin ƙasa, kusa da ta wani ɗan siririn mutum da na tarar yana ɗinke takalminsa. Ganin fuskarsa sai na tuna finafinan da muka sha kallo muna yara, na haɗa hannu na zuba masa gaisuwar Indiya iyakar abin da na haddace. Ya ɗago ya dube ni yadda ake duban wanda ya taka wa mutum shuka.

"Ni ba Ba'indiye ba ne, sadik," ya ce da guntun Larabcin leburori, wanda shi ne ya zama harshenmu daga baya. "Nepal."

Ban taɓa jin sunan ba. Sunansa Gopal, kuma shi ne abokin dakona.

A Aziziyya muka fi aiki, cikin tsofaffin benaye waɗanda ko dai ba su da na'urar hawa, ko kuwa ta mutu tun zamanin da. Ni a kafaɗa nake saɓa tukunya, in hau ina haki ina tsine wa dillalina a kowane hawa. Gopal kuwa wata igiya mai faɗi gare shi da ya zo da ita daga gida. Sai ya ɗaure tukunyar a baya, ya rataya igiyar a goshi, ya sunkuya, ya kama hawa a hankali ba ya tsayawa. Kullum ni nake fara tashi da gudu, kullum shi yake riga ni isa. Na gwada igiyar sau ɗaya, wuyana ya yi sati bai yafe mini ba.

Da rana mukan zauna a inuwar mota mu ci wake da burodi, a nan na riƙa tatsar labarin ƙasarsu. Ya ce ƙasa ce da aka rataye a jikin duwatsu. Ƙasanta fili ne mai zafi, tsakiyarta tsaunuka da kwaruruka, samanta kuwa ƙanƙara ce da ba ta narkewa, inda Turawa ke biya a ɗaukar musu kaya su je su ga ƙarshen dutse. Ƙauyensu a tsakiya yake. Mota takan kai mutum inda hanya ta ƙare, daga nan sai ƙafa, a ƙetare kogi a kan gadar igiya, a yi ta hawa. Gishiri, siminti, kwanon rufi, har mara lafiya, duk a goshi suke hawa da sauka. Gonakinsu yanka su ake yi a jikin tsauni kamar matakala, wata faɗinta bai fi tabarma biyu ba, su shuka shinkafa a ƙasa, masara da tamba a sama. Da na ji tamba sai na gyara zama. Ya ce tuƙa ta suke yi a tukunya da muciya, su ci da miyar ganye. Na ce, "Kai, Gopal, ai ku Hausawa ne da kuka ɓata hanya."

Na tambaye shi wa ke mulkinsu. Ya ce da suna da sarki, aka yi yaƙi a daji, aka sauke shi. Tun daga nan gwamnati ba ta daɗewa, kafin ka riƙe sunan shugaba an canza shi, kuma duk wanda ya hau sai ya yi alkawarin hanya har ƙofar gidan kowa. Ya ɗauki burodi biyu ya matse ƙwayar wake a tsakaninsu. Ya ce na sama Sin, na ƙasa Indiya, waken su ne. Ba su da teku, kome ta Indiya yake shigowa. Akwai shekarar da aka toshe iyaka, fetur ya ɓace, magani ya ɓace, gas ya ɓace, har mutanen birni suka koma hura itace.

Wannan kam ba sai an fassara mini ba. Na ce mu ma haka muke, kayanmu sai sun sauka a tashar jirgin ruwan wasu, in maƙwabci ya yi fushi ya rufe ƙofa, shinkafa ta gagari talaka. Shi ya sa wata Juma'a muka tafi bakin teku mu biyu, muka tsaya muna kallon manyan jirage kamar ƙauyawa a tasha. Ya ce abin da ƙasarsu ta fi fitarwa waje shi ne samari. A ƙauyensu tsofaffi ne suka rage, da mata, da yara. Shi kaɗai ne ɗa namiji a gidansu.

Ni a lokacin ba ni da zama. Raina a tsaye yake kullum. Yau in ce zan gudu Riyad, gobe in ce Madina, jibi in ce gara in koma gida in bi ta Agadas. Na sayi harami tun watan farko da niyyar Umra, ga Makka nan kusa, amma aiki bai bar ni ba, yana nan a ƙasan jakata cikin ledarsa. Kewar gida ta hana ni sakat, abinci ba ya mini daɗi, kowa haushinsa nake ji. Gopal yakan saurari duk tsare-tsarena, ya ce, "Bukra, sadik," wato sai gobe, aboki, ya ci gaba da abin da yake yi.

Wata Juma'a da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Damina ce a can. Na ga ya miƙe tsaye, ya saurara, ya koma ya zauna a ƙasa. An kwana ana ruwa, gefen tsauni ya zafto ya bi ta kan gonarsu da rabin gidansu. Uwarsa da matarsa sun tsira. Mahaifinsa ya fita kwance dabbobi, ƙasar ta same shi a can. 'Yan uwa sun riga sun sauka da shi bakin kogi don yi masa abin da suke yi wa mamatansu. Ko da a ce fasfonsa na hannunsa, ruwan ma ya tafi da hanyar.

Na matsa zan dafa shi, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Sai da ya share fuska sannan ya yi mana bayani, ni da Baba Idirisu. A wurinsu, in uba ya mutu, ɗa namiji ne ke raka shi. Zai aske kai, ya yi wanka, ya ɗaura farin ƙyalle wanda allura ba ta taɓa ba, ya keɓe a ƙasa kwana goma sha uku. Sau ɗaya zai ci abinci a yini, shinkafar da ya dafa da hannunsa, ba gishiri, ba nama. Ba ya aiki, kuma ba mai taɓa shi. In ya cika, uban ya isa wurin kakanninsa. In ya karya, ya bar shi a hanya.

"Kwana nawa ka ce?" in ji Baba Idirisu. "Wallahi mudir ba zai ba ka ba."

Gopal ya kira mudir ɗin, wato kafilin, a waya, muna ji. Mutumin ya yi ta'aziyya daidai gwargwado, ya ce kwana uku, mu ma kwana uku muke yi, halas, an gama magana. Kowa a ɗakin ya san sauran zancen. In ma'aikaci ya ƙi fitowa, kafili na iya kai sunansa a matsayin wanda ya gudu. Daga nan iƙama, takardar zaman ƙasa, ta mutu, sai kamu, sai kora, ba dawowa. Ga kuma mata biyu a can gefen tsauni ba rufi a kansu, shi suke jira.

"Zan zauna," in ji Gopal. Abin da ya dame shi a lokacin ƙyalle ne. Safiyar Juma'a ce, ba kantin da ke buɗe, kuma duk abin da ya mallaka ɗinkakke ne. Ni kuwa ban yi wani dogon tunani ba. Na jawo jakata na fito da haramin, fari fat, guda biyu, ba ɗinki ko ɗaya.

Baba Idirisu ya zabura. "Laminu, kana da hankali? Harami? Tufar ɗakin Allah za ka ɗaura wa wanda ba ya salla?"

Hayaniyarsa ce ta sauko da Khala Zainabu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ji ta bakin kowa.

"Ya Idris, esh fik, me ke damunka?" ta ce. "Wannan tawul ne, mai kanti ya sayar. Sai an yi niyya yake zama harami. Yaron nan ubansa ya mutu, miskin, ba shi da kowa a nan. Ku hau da shi soro, akwai rumfa."

Baba ya yi ta gunaguni yana neman tsari, amma da aka rasa mai aski, shi ya ɗauko rezarsa ya aske Gopal tas, yana yi yana faɗa masa ya daina motsi.

Kwana ukun suka wuce. A na huɗu muka fita mu biyu, ni da Baba. Kafilin ba ya zuwa wurin lodi sai jefi-jefi, don haka muka shirya in ɗauki rabona da na Gopal, a rufe zancen. Faɗa ya fi yi sauƙi. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi kamar an rufe shi a tukunyar dambu. Kafaɗata ta saɓule, gwiwoyina suka riƙa rawa a matakala. Baba da kansa, da furfurarsa, ya fara sauko mini da tukwane daga mota yana zagina wai ni na jawo. Duk da haka muna makara, matan gidaje suna ta kiran ofis.

In mun dawo da la'asar nakan hau soro in zauna nesa da shi. Yana kan kwali a ƙarƙashin rumfa, da 'yar tukunyarsa da murhun duwatsu. Khala takan ajiye masa ɗanyar shinkafa da man shanu da ayaba a bakin matakala ta juya. Mutumin da ke zufa haka ba gishiri, kullum ƙara zubewa yake, idanunsa sun faɗa. Abin ya riƙa ba ni tsoro, yana kuma ba ni haushi. Ni da ko zaman tahiya nake ƙagara in tashi, ga mutum ya zauna wuri ɗaya kamar an dasa shi. Wata rana ya nuna mini tulin tankunan ruwa da eriyoyi da suka cika sararin unguwar, ya ce a gidansu in ka zauna haka gajimare a ƙasanka yake wucewa.

Saura kwana biyu ya cika, kafilin ya gaji da ƙorafi. Da azahar mun dawo cin abinci sai ga motarsa a ƙofar gida. Ya ga ba Gopal a cikinmu, ya tambaya, muka kama inda-inda. Wani mai kanti a maƙwabta, da zuciya ɗaya, ya ce ai yana soro. Ya kama matakala, muka bi shi a guje.

Yana kaiwa sama ya tsaya cak. Ga mutum da sabon aski, ga farin harami a ƙugu da kafaɗa, ya rame, ya natsu. A garin nan wannan kama ma'anarta ɗaya ce, kuma kowa ya san ba a shiga Makka sai da kalmar shahada. Na ga fushin ya zube daga fuskarsa.

"Allahu Akbar!" ya ce. "Ya Gopal, ka musulunta? Har ka yi Umra? Shi ya sa kuka ɓoye mini?"

Ya leƙa ta kan katanga ya ƙwala wa mutanen layi kira su zo su taya shi murna, ma'aikacinsa ya shiga Musulunci. Kafin mu ankara soron ya cika, mai kanti, mai wanki, masu dawowa daga masallaci, ana ta kabbara. Kafilin har da ƙwalla. Ya ce ya yafe kwanakin, ya ce shi zai kai shi Madina da motarsa. Sannan ya buɗe hannuwa ya nufe shi zai rungume.

Gopal ya ja da baya har ya jingina da katanga. Ban san lokacin da na faɗa tsakaninsu ba. Baba Idirisu ya matso ya raɗa mini da Hausa, "Kauce, yaro. Mafita ce ta zo har gida. Ya yi shiru kawai, kowa ya huta." Wallahi ni ma abin da zuciyata ke faɗa ke nan. Runguma ɗaya, shiru ɗaya, aikinsa ya tsira. Na waiwaya na dube shi ina roƙonsa da ido.

"Mafi Umra, mudir, ban yi Umra ba," in ji Gopal. Muryarsa ba ƙarfi, amma kowa ya ji. "Babana ya mutu. Wannan zaman nasa ne, irin na addininmu. Kada ka taɓa ni, don Allah. Saura kwana biyu."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta, kuma ina jin dariyar nan ce ta ƙarasa mu. Hannuwan kafilin suna buɗe har yanzu, ya rasa inda zai kai su. Kunya ta rufe shi a gaban mutanen da shi ya kira da bakinsa.

"Haramin wa ne?" ya tambaya.

"Nawa ne, mudir."

Ya dube ni, ya dubi Baba. "Kun mai da ni abin dariya." Ya juya ga Gopal. "Gobe da safe in gan ka a mota da kayan aiki. In ba haka ba, ka san inda zan kai sunanka."

Baba Idirisu ya bi shi har mota yana ba shi haƙuri. Khala ta yi masa magana ta bayan ƙofa da Larabcinsu na 'yan gari, ta haɗa shi da iyayensa. Ya ja motarsa ya tafi.

Da mutane suka watse na zauna iyakar kusancin da aka yarda mini. Na ce, "Gopal, ka fito gobe kawai. Ka zauna a gaban mota, ba za ka ɗauki kome ba, ni zan yi. Ka tuna uwarka, ka tuna matarka. Wa zai rufa musu ɗaki?"

Ya ce, "Ina yaro na yi zazzaɓi mai tsanani. Babana ya sa ni a kwando, ya rataya a goshi, ya sauka da ni asibiti. Tun asuba yake tafiya har rana ta faɗi. Akwai wuraren hutawa a hanyar, sadik. Bai ajiye ni ba."

Ban sake roƙonsa ba. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, kuma a ƙasan duka ina jin ya fi ni wani abu da ban san sunansa ba.

Washegari muka fita mu biyu. Kafilin na tsaye a wurin lodi, ya dubi bayan motar, ya koma ofis. Bai yi mana faɗa ba, kuma bai fasa kai sunan Gopal a matsayin wanda ya gudu ba.

Gopal ya cika kwanakinsa. A rana ta ƙarshe ya yi wanka, ya yi addu'o'insa shi kaɗai tunda ba malaminsu a kusa, ya sa tufafinsa ya sauko yana dafa bango. Khala ta tuƙa masa tuwon gero da miyar kuka ba nama. Ya ci a hankali, ya sha ruwa, ya miƙo mini hannu muka gaisa. Hannun ba nauyi ko kaɗan.

"Babana ya isa," ya ce. Fuskarsa a sake take, yadda ban taɓa ganinta ba.

Mutanen layi sun ba shi shawara ya ɓuya, ya riƙa aikin bayan fage kamar yadda dubbai ke yi. Ya ce ya gaji da zama wuri ɗaya, kuma ba ya son a kama shi a titi kamar ɓarawo. Da kansa ya ce a kai shi inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Baba Idirisu ne ya kai shi a motar gas, ina baya tare da tukwane. A bakin ƙofar tsohon ya rungume shi, ya ce masa da Hausa, "Kai dai taurin kai gare ka," ya juya da sauri wai rana na damun idonsa. Na so in faɗi wani abu mai nauyi, Larabcina bai kai ba. Na ce masa ya gai da gida.

Ba a rufa wata ba kafilin ya kawo wani. Na dawo daga aiki na tarar da shi zaune a kan katifar, saurayi ne sabon jini, jakarsa a kan cinya, yana ta kallon fankar da ke juyawa. Na tambaye shi daga ina, ya ce Nepal, ya fara ƙoƙarin kwatanta mini inda take. Na ce ya bari, na sani. Ya tambaye ni ko aikin da wuya, ko mudir na da kirki.

Na zauna na cire takalmina. Na ce, "Mahaifinka yana da rai?"

Ya yi mamakin tambayar. Ya ce yana nan, da ƙarfinsa, shi ya rako shi har inda mota ke tsayawa.

Na ce, "To, Allah ya ja da ransa." Sannan na nuna masa inda zai ajiye jakarsa.